Ƙwan Fitila a Cikin Samira

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci, tambaya. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar gida a Koki, tambaya: "Muntari, yaya Nijar?" "Muntari, me ya sami hannunka?" Wani ma har ya baza cewa wai wutar lantarkinsu ce ta ja ni. Na gaji da cewa lafiya lau, kuma da farko ba ni da ikon faɗin abin da ya faru, don sirrin ba nawa ba ne. Yanzu mai shi ya sake mini baki, saboda haka ga labarin tun daga tushe, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata tsara hasken wasan kwaikwayo na dandamali. A gidanmu har yau ba a gane ta ba. Kakanninmu fataken Larabawa ne da suka keto sahara da turare da alharini suka zauna a birni, 'yan uwana duk suna kasuwa, ni kaɗai na ɓalle. Umma, mahaifiyata, in an tambaye ta aikina sai ta ce, "Yana kunna wa 'yan wasa fitila." Na sha yi mata bayani cewa ni ke zaɓar inda idon ɗan kallo zai sauka, ni ke mai da rana magariba, ni ke tsufar da fuskar saurayi da hasken gefe. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, ai kunnawar ce dai."

An gayyaci ƙungiyarmu wani taron wasanni a Damagaram, mu kai wasanmu na tsohon mai gadin ƙofar gari da za a rushe masa ƙofarsa. Mai fitowa a tsohon shi ne Baba Ilu na Zaitawa, mutumin da tun ina yaro nake jin muryarsa a wasannin rediyo. A ƙarshen wasan ana kashe fitilu duka a bar guda ɗaya, shi kuma ya taho shi kaɗai daga ƙuryar dandamali yana magana, ganga na binsa, har ya zo daf da baki ya tsaya cikin hasken ya yi wa mutanen gari bankwana. Wannan wurin shi mutane ke zuwa kallo.

Tun kafin maganar tafiya na lura Baba ya daina duba alamar da nake manna masa a ƙasa. Sai ya riƙa ɗaga goshi yana juya shi a hankali kafin ya tsaya. Aikina kallon fuska ne, don haka ni na fara gani. Na bi shi zaurensa, muka gaisa, na yi ta kame-kame, sannan na ce, "Baba, idon ne?"

Ya ce, "Hawan jinin ido ne, in ji likita, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Da rana ina ganin inuwar mutum in ya matso. A kan dandamali kuwa komai fari fat, ban san tsakiya ba, ban san baki ba. Zafin babbar fitilarka nake bi. In na ji ya sauka a goshina, na san na iso, sai in tsaya."

Na ce ko zai riƙa ƙirga taku. Ya ce, "In na shiga maganar tsohon nan, sunana ma mantawa nake, balle lissafi."

Na ce to mu gaya wa Malama Hadiza, shugabar ƙungiya.

"Kul!" in ji shi. "Ko dai ta cire ni don tausayi, ko ta sa a riƙo hannuna a shigo da ni, mutane su tafa wa makaho ba ɗan wasa ba. Damagaram garin mahaifiyata ne, ban taɓa taka shi ba. Bar ni in je da ƙafata in yi wasa ɗaya, bayan nan Allah ya yi yadda ya so. Amana na ba ka, Muntari."

Na karɓa, kuma daga ranar barcina ya ragu. Na gwada shimfiɗa masa igiya a ƙasa ya ji ta da ƙafa, 'yan rawa suka yi tuntuɓe da ita, Malama ta sa aka cire. Ya zama dai babu abin da ke tsakanin Baba da faɗuwa sai Gwaggo.

Gwaggo sunan da muka sa wa babbar fitilarmu ne, don ta girme kowa a ƙungiyar in ban da Baba. Baƙar ƙarfe ce mai nauyin tsiya, mai cin wuta, mai zafin da za ka iya soya ƙwai a bayanta. Ƙwan fitilar da take ɗauka an daina kawo irinsa, na zagaye kasuwannin Kano har takalmina ya gaji, guda ɗaya tak ya rage mini. Kuma yana da doka: ba a taɓa gilashinsa da hannu tsirara. Maiƙon yatsa in ya zauna a kai, da ya ɗau zafi sai wurin ya kumbura ya fashe. Da tsumma mai tsabta ake kama shi.

Da Malama Hadiza ta ga ina ɗaure Gwaggo a saman bas ranar tafiya, sai ta riƙe ƙugu.

"Malam Muntari, an ce maka zaurensu cike yake da fitilun zamani. Me za ka yi da wannan tsohuwar?"

Fitilun zamanin nan ba sa zafi ko kaɗan, haskensu sanyi ƙalau, abin da ake yabonsu da shi ke nan, kuma abin da ke tsorata ni ke nan. Amma ina zan faɗa? Na ce, "Malama, launinta ya fi dacewa da fatar Baba."

Ta ce, "Kai dai ka cika tsirfa. In ta faɗo wa wani a ka, kai ka sani."

Ƙwan kuwa ban bar shi a jikin fitilar ba, don girgizar hanya za ta tsinka zarensa. Na ari samirar Umma wadda take zuba alkaki, na cika ta da auduga, na kwantar da shi a tsakiya, na ɗaure murfin da ƙyalle, na ɗora a cinya. Tun ba mu bar Dawanau ba 'yan bayan mota suka fara: "Ɗan Larabawa, a buɗe mana mu sa albarka!" Na ce ba abinci ba ne. Suka ce rowa ce dai irin ta 'yan birni. Duk ramin da direba ya faɗa sai in ɗaga samirar sama. Kafin mu kai Kazaure hannuwana sun sage.

Ga kuma wani aikin da na ɗora wa kaina. Baba ya hana ni riƙe hannunsa, ko da wasa. Yana da baƙin tabarau da sanda, kuma kowa ya ɗauka gayun tsufa ne. Sai muka yi dabara: in riƙa tafiya a gabansa ina ƙorafi da ƙarfi, shi kuma yana bin muryata. Da muka tsaya a Daura shan fura, na sauko ina cewa, "Kai, wannan matakalar bas da tsawo take! Ji wata kwata nan dama, wa ya haƙa ta a bakin hanya? Ga kuma turken akuya a gaba, mutane ba sa tsoron Allah!" Ni da aka sani da shiru-shiru, sai ga ni na zama sarkin mita. Malama ta kalle ni ta ce, "Wai yau me ka ci ne? Tun safe ba abin da ya yi maka daidai." Baba ya taya ta, har da cewa, "Bar shi, yaran yanzu ba su da haƙuri." Na ji kamar in shaƙe shi, ga dariya ga takaici.

A kan iyaka aka sauke mu duka, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jami'i dogo ya bi layi yana leƙawa, har ya zo kaina, ya ga mutum ya rungume samira yana zufa. Ko ni ne shi, zan yi zargi.

"Mene ne a ciki?"

"Ƙwan fitila ne, ranka ya daɗe."

"Ƙwan fitila a samira? Buɗe."

Na buɗe, na yaye audugar. Ya miƙo hannu. Ban san lokacin da na janye ba na ce, "Don Allah kada ka taɓa!" Nan take fuskarsa ta canja, ya kira abokin aikinsa, aka kewaye ni. Na shiga bayanin maiƙon yatsa, ina ƙara bayani suna ƙara tsuke fuska. Sai muryar Baba ta taso daga baya, irin muryar da yake yi a rediyo in ya fito a alƙalin ƙauye: "Samari, ku yi masa uzuri. Tun da matarsa ta tafi wankan gida yake goyon wannan ƙwan."

Dogon ya juya da sauri. "Wannan muryar! Baba, kai ne na rediyo?" Ashe da ita ya girma, mahaifinsa ba ya cin tuwo sai an kunna. Nan magana ta koma gaisuwa da ɗaukar hoto. Ya miƙa wa Baba hannu, Baba bai gani ba, hannun na tsaye a iska. Na yi maza na ce, "Baba, ga ɗanka na miƙo hannu, kai kana ta gyaran hula!" Ya lalubo shi yana dariya. Ni kuma aka bar ni na juya ƙwan da tsumma aka duba, aka ce in rufe abina in yi gaba.

A Damagaram an sauke mu gidan wani dattijo, Alhaji Laminu, mai son wasa da 'yan wasa, mata a cikin gida, mu maza a ɗakunan zaure. Mutanen kirki ne na ƙarshe. Hausarsu tamu ce, sai dai ta sha Faransanci: wutar lantarki kuran, makaranta lakwal, malamin boko mushe. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, amma in ka saba ba ka son namu. Da rana ta take sai gari ya mutu, a rufe shaguna kowa ya kwanta sai la'asar, abin da ɗan kasuwar Kano zai ɗauka hauka ne. Shayi kuwa ba irin namu na babban kofi da madara ba. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi, mai ɗaci, ana dafa shi a 'yar buta kan ɗan mangal, wato murhun gawayi na waya, a ba ka na fari, a ba ka na biyu, a ba ka na uku, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Duk inda mutum zai je da mangalinsa yake tafe, kamar yadda muke tafiya da waya.

Washegari da safe muka je ganin zauren wasa. Na je gindin dandamalin na auna shi da jikina. Namu na Kano bai wuce gwiwa ba, wannan kuwa ya kai ƙirjina, ƙasansa siminti ne tsirara. Mai kula da fitilun zauren, Isufu, sa'ana ne, mai fara'a, ya san aikinsa sarai. Ya kunna mini fitilunsa ɗaya bayan ɗaya, ja, shuɗi, ruwan zuma, duk daga ɗan allo guda, ba sai an hau tsani an sauya ledar launi ba. Wallahi sun burge ni, har na ji kishi. Na sa tafin hannuna a gaban babbar cikinsu, ban ji komai ba.

Da ya ga Gwaggo ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mushe Muntari, wannan ai ta gidan tarihi ce! Za ta shanye mana kuran na unguwa." Amma ya taya ni muka rataye ta, na saita ta yadda zafinta zai sauka nesa kaɗan da baki. Teburin fitilu yana ƙasa, a gefen dandamali ta gaba, kusa da wata ƙaramar ƙofa. A bakin ƙofar nan Isufu ya ajiye mangalinsa, garwashi na ci, buta na tafasa. Na ce, "Haba Isufu! Wuta a cikin zauren wasa, ga labule ga wayoyi? A Kano da an kore ka." Ya ce, "A nan in babu shayi, ni ne zan kori kaina." Na yi ta mita, wannan karon ta gaske, bai ko kula ni ba.

Muka yi gwaji, Baba ya taho, ya ɗaga goshi, ya tsaya cak inda ya kamata. Na yi hamdala. Daga nan ne tsorona ya kai ni ga wauta. Wasu ƙungiyoyin za su yi gwaji bayanmu, na ji tsoron wani ya kunna Gwaggo ya bar ta tana ci. Sai na jira ta huce, na cire ƙwan, na mai da shi samira, na tafi da shi gida cin abincin rana. Da na bar shi a inda yake, da ban ba ku wannan labarin ba.

Alhaji Laminu ya yanka mana rago, aka gasa, aka baje a faranti, dattawan unguwa suka zo taya mu ci. Ana cikin ci ya hango samira a gefen ƙafata.

"Ɗan Kano, abincinmu ne bai yi maka ba ka zo da naka?"

Aka fashe da dariya, 'yan ƙungiyarmu suka ba shi labarin kan iyaka, ya ce lallai sai ya ga wannan ƙwai mai daraja. Na buɗe, na karkata samirar don ya leƙa daga nesa. Sai kawai ya sa hannu ya ɗauko shi, yatsunsa na ƙyalli da kitsen rago.

Jama'a, na ce wa jami'i mai bindiga kada ya taɓa. Amma dattijo mai furfura, sa'an mahaifina, wanda ya sauke ni a gidansa, nama na bakina, a gaban abokansa? An yi mini tarbiyya a Koki, inda ko ruwa babba ya zubar maka sai ka ce sannu. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Masha Allah, ji aikin Nasara!" Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya juya ya miƙa gaba. Haka ƙwan nan ya zagaye tabarma, hannu bayan hannu, kowa na sa masa albarka da maiƙo, ni kuma ina murmushi kamar wawa, zufa na bin bayana. Da ya dawo gare ni har da ɗigon yaji a jikinsa.

Baba na zaune kusa da ni, ya ji komai. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "An taɓa?"

Na ce, "Zan goge, Baba."

"Zai kama?"

"In sha Allah."

Sifirit ake goge shi da shi. Na fita da gudu cikin tsakar rana ina neman kantin magani, na tarar da gari a rufe ruf, ko akuya ba ta motsi. Na buga ƙofa ɗaya, na buga ta biyu, wani ya leƙo ta taga ya ce in dawo bayan la'asar. Bayan la'asar kuwa wasanmu ne. Na koma zaure ina haki. Isufu ya miƙo mini kwalbar turarensa, na shinshina na mayar masa, ni ɗan gidan turare ne, na san mai ne zalla. Da ruwan zafin butarsa da sabon tsumma na goge, na sake gogewa, na ɗaga a haske ban ga tabo ba, amma zuciyata ba ta yarda ba. Na je na sami Baba yana sa kayan wasa na ce ko yau zai yi jawabin daga tsakiya, kada ya taho gaba. Ya ce, "In na tsaya can, Hadiza za ta tambayi dalili. Kunna fitilarka, Muntari. Allah na nan."

Zaure ya cika maƙil, aka rufe tagogi, aka fara. Ban san yadda wasan ya tafi ba, an ce ya yi kyau, an ce an yi dariya inda ya kamata. Ni dai yatsuna na aiki, idona na kan Gwaggo. Da muka zo ƙarshe na sauke fitilu duka, na ɗago ta a hankali. Ta kama. Haske ruwan zuma ya sauka a gaban dandamali, ganga ta ɗauka, Baba ya fito daga ƙurya yana magana, yana takowa. Na fara sakin numfashi.

Sai na ji tas, can sama. Gwaggo ta mutu.

Isufu gwani ne, kafin mutane su ankara ya ɗago tasa fitilar a daidai wurin, launi iri ɗaya, har ya ɗaga mini babban yatsa. 'Yan kallo ba su ga komai ba. Ganga ta rufe ƙarar, Baba bai ji ba. A wurinsa fari ne dai kamar kullum. Yana tafe, goshinsa a sama, yana neman zafin da ba zai zo ba. Ya shiga hasken, ya kai tsakiyarsa, bai tsaya ba.

In na yi ihu, na tona shi a gaban garin mahaifiyarsa. In na yi shiru, siminti na jiransa. Ban yi tunani ba, ƙarya ne in ce na yi. Na ture butar Isufu, na cafki mangalin nan da hannu tsirara, na bi gaban 'yan layin farko a sunkuye, na dire shi a kan bakin dandamali daidai inda Baba ya nufo. Na cire hulata na yi wa wutar fifita da ƙarfi. Garwashin ya yi ja, zafi da ƙamshin gawayi suka tashi.

Ƙafarsa na sama lokacin da zafin ya bugi ƙaurinsa. Ya mai da ita baya. Ni kuma ina durƙushe a ƙasa ina kallon bakin rigarsa, ina addu'ar kada ta kama. Sai ya tattare rigar, ya tsuguna a hankali, ya miƙa tafukansa kan garwashin yana jin ɗumi kamar yadda masu gadi ke yi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Bankwanan da ya saba yi a tsaye da ƙarfi, ranar a tsugune ya yi shi, murya ƙasa-ƙasa, jan wuta na haska haɓarsa. Zauren ya yi tsit. Wata mata a layin gaba tana share hawaye da gefen mayafi. Da ya gama aka tashi tsaye ana tafi, ni kuwa sai lokacin na ji tafin hannuna na ci kamar an zuba barkono, wayar mangalin ta zana mini layi-layi.

A bayan labule Malama Hadiza ta tare ni. "Wa ya ce ka kai wuta dandamali ba ka gaya mini ba? Ka so ka kashe ni da tsoro!" Ta numfasa ta ce, "Amma ya yi kyau. A Kano ma haka za mu yi." Isufu ya shafa mini zuma ya naɗe hannun yana ta ƙunƙuni: "Fitilata ta kama sarai, Mushe. Me shayina ya yi maka?" Na ce ya yafe mini, ruɗewa ce. Alhaji Laminu ya rungume ni ya ce tun da ya riƙe ƙwan nan ya san mai albarka ne. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba Alhaji."

A hanyar dawowa ni da Baba Ilu muna zaune kujera ɗaya, samira ba kowa a ciki sai auduga. Bayan mun tsallake iyaka ya lalubo hannuna, ya shafa ƙyallen da aka naɗe shi da shi, ya riƙe na ɗan lokaci, ya sake. Ina ta tunanin inda zan samo wani ƙwan, ko in sayi mangal, ko wace dabarar zan ƙara. Na gaji, kuma ina jin tsoron wasa na gaba tun ba a sa ranarsa ba.

Da la'asar sakaliya bas ta ajiye mu, na ce zan raka shi gida. Muka shiga lungun Zaitawa, na wuce gaba na kama aikina: "Kai, har yanzu ba a rufe wannan kwatar ba? Ga wani ya jingine babur a tsakiyar hanya..."

"Ya isa, Muntari," in ji shi. "Bakinka ya huta haka. Hannu ɗaya ka ƙona, ba zan jira ka ƙona na biyun ba. Matso da kafaɗarka."

Na tsaya ina kallonsa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗora hannunsa a kafaɗata, muka taho a hankali, da sauran rana, kowa na gani. A ƙofar gidansa dattawan unguwa na zaune kan tabarma suna jiran magariba. Suka ɗago suna yi masa maraba, sai suka ga hannun, maganar ta tsaya musu.

Baba ya yi sallama da muryarsa ta rediyo, ya ce, "Na je garin tsohuwata na yi wasa, an tafa mini tsaye. Yanzu kowa ya faɗi sunansa in san da wa nake gaisawa, idon ya tafi."

Sai wani tsoho ya matsa gefe, ya buga tabarma da tafin hannu don ya ji inda wurin yake, ya ce, "Ni ne Sule, Ilu. Zo nan kusa da ni."